KOWA DA REZARSA: Hira kan aski, wanzamai da lafiyar hantarmu

Ga waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, ga rubutun shirin wannan mako kamar yadda muka saba.

Yau maganar aski za mu yi. Na san wani zai ce, Malam, ana fama da tsadar abinci, ana fama da rashin aikin yi, kai kuma aski ne ya dame ka? To ka ɗan yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe. Ni ma da haka nake gani, sai da abu ya faru a cikin gidanmu.

Shekaru biyu da suka wuce, matar ɗan'uwana, ɗan ƙanen babana, ta zo haihuwa. Haihuwar ta zo da gardama, jini ya zuba da yawa, aka ce a nemo masu ba da jini. Cikin dare muka taru mu huɗu muka tafi asibiti. Shi mijin ne ya fara miƙa hannu. Aka ɗebi kaɗan don gwaji, muna zaune a benci muna jira. Can ma'aikacin ya leƙo ya kira shi shi kaɗai. Da ya fito, fuskarsa ta canza. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Wai ba za a ɗauki nawa ba. Wai ina da ciwon hanta."

Mutum ne mai ƙarfi, manomi kuma ɗan kasuwa, duk Lahadi yana Mai'adua. Bai taɓa kwanciya asibiti ba. Idonsa bai yi ɗorawa ba, cikinsa bai kumbura ba, babu wata alama. Alhamdulillah mu sauran muka bayar, matar ta tashi, jaririn kuma aka yi masa allurar rigakafi a ranar. Amma tambayar da ya yi mini a hanyarmu ta komawa gida har yau tana kaina. Ya ce, "To ni a ina na samo?"

Gaskiyar magana, babu wanda zai iya ce masa ga ranar, ga wurin. Likitoci sun ce a ƙasashe irin namu yawancin masu ciwon hanta nau'in B tun suna jarirai ko suna yara ƙanana suka ɗauka, ko daga uwa wajen haihuwa, ko ta haɗuwar jini a yarinta. Don haka ban zo nan in ce aski ne ya ba shi ba. Amma da na zauna na lissafa sau nawa ƙarfe mai kaifi ya taɓa jikina, wanda ya taɓa jikin wani kafin ni, sai jikina ya yi sanyi. Askin suna. Cire beli. Kaciya, mu takwas aka yi mana rana ɗaya a zaure ɗaya. Askin Sallah, muna layi a gaban wanzami. Mai yankan farce da ke zagayawa da almakashinsa. Rezar da muke karɓa a hannun juna a ɗakin kwanan makaranta. Kai ma lissafa naka ka gani.

Bari in ba ku alƙaluma kaɗan, ba don in tsorata kowa ba. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wato kusan mutum ɗaya cikin sha biyu. Ka dubi sahu ɗaya a masallacin unguwarku ka yi lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya. Kuma ƙwayar cutar tana iya rayuwa a wajen jikin mutum, a busasshen jini, har kwana bakwai ko fiye. Ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba, ninki hamsin zuwa ɗari. Jinin da idonka ba ya ma gani a bakin aska ya isa.

Wani abu kuma da ya shafe mu, mu tsarar nan. Sai a 2004 aka sa allurar ciwon hanta cikin rigakafin yara na yau da kullum a Najeriya. Duk wanda aka haifa kafin nan, kamar ni, to ba a yi masa ita a jariri ba. Waɗanda aka haifa bayan nan ma, da yawa a gida aka haife su, ba a kai su ba.

To ina maganar reza ta shigo?

Bayan wannan abu na daina zuwa wurin kowa aski na wani lokaci. Kaina ya cika, wuyana ya yi buzu-buzu, har Hajiyarmu ta fara tambaya ko wani abu ke damuna. Ran nan ina taya ta gyaran ɗaki, muka buɗe tsohuwar akwatin ƙarfe ta marigayi kakana, wanda tsohon malamin makaranta ne. A ƙarƙashin takardu na ga wani ɗan ƙarfe mai nauyi, tsawonsa bai wuce yatsa ba, da mariƙi da kai mai faɗi. Na ce, "Hajiya wannan fa?" Ta yi dariya ta ce, "Abin askin Malam ne. Duk Juma'a da safe da shi yake gyara fuska."

In ka murɗe mariƙin sai ya rabu gida uku. Ka ɗora reza, irin wannan mai baki biyu da ake sayarwa a kowane teburin mai kayan koli, ka rufe, ka ɗaure. Bakin rezar kaɗan ne ke leƙowa ta kowane gefe, ƙarfen ƙasa kuma yana tare fata kada ta shige. Ni gidan reza nake ce masa. Ya fi ni shekaru, ya fi babana ma wataƙila, amma da na wanke shi na tafasa na sa sabuwar reza, sai ya zauna daram kamar jiya aka ƙera su tare.

Wannan ya ba ni mamaki har na je na bi tarihinsa. Wani Ba'amurke ne mai suna King Camp Gillette, ɗan tallan kaya, ya yi tunanin a yi reza siririya mai arha wadda in ta dakushe sai a jefar, maimakon aska da kullum sai an wasa. Ya kafa kamfani a 1901. Da suka fara sayarwa a 1903, gidan reza 51 da reza 168 kawai suka sayar a shekarar gaba ɗaya. Masu ƙananan sana'a, ku ji wannan da kyau. Shekarar da ta biyo baya suka sayar da gidan reza sama da 90,000. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka riƙa raba wa sojoji, miliyoyin samari suka koma gida sun saba da shi. Daga nan ya bazu duniya har ya iso akwatin kakana a Daura. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza wadda ba ta tsatsa. Siffar rezar kuma ta zama ɗaya a ko'ina, shi ya sa Tiger ko Nacet mai hoton kada ko Lord ta Masar duk za su hau gidan reza ɗaya.

Daga baya kamfanoni suka ga cewa abin da kowa zai iya ƙera masa reza ba ya kawo riba sosai. A 1971 aka fito da mai baki biyu a jere cikin roba, a 1975 Bic ta kawo na roba da ake jefarwa gaba ɗaya, a 1998 aka yi mai baki uku, a 2006 mai biyar. Kowanne da kansa na musamman wanda sai a wurinsu za ka saya. Kun gane dabarar? Mu kuma muka ɗauka ci gaba ne, muka jefa na kakanni a akwati.

Yanzu bari in faɗa muku yadda ake amfani da shi, don ni ranar farko na sha wuya. Na danna shi kamar yadda nake danna na roba, a busasshiyar fata, ina sauri. Na fito da yanka huɗu a wuya, ƙanwata ta ce ko da mage na yi faɗa. To kada ku yi irin nawa.

Na farko, ruwa. Gashi busasshe yana da tauri ƙwarai. Ka jiƙa shi da ruwan ɗumi na minti biyu ko uku, ko ka yi askin bayan wanka. Wanzamanmu sun san wannan tun kafin a haifi Gillette. Ka tuna yadda wanzami ke ɗebo ruwa a ƙoƙo yana murza maka kai da tafin hannu har ka fara gyangyaɗi? Ba wasa yake ba, rabin askin ke nan.

Na biyu, kumfa. Ba sai ka sayi na gwangwani ba. Sabulun salo ko kowane sabulu marar zafi ya isa, ka murza har ya yi kauri da santsi.

Na uku, riƙo. Ka ɗora kan ƙarfen a fata, ka sauko da mariƙin a hankali har ka ji bakin rezar ya fara taɓa gashi. Nan ne daidai. Kada ka danna ko kaɗan, nauyin ƙarfen ya isa. Ja gajere-gajere, kana ɗauraye shi a ruwa, kana juya ɗaya bakin.

Na huɗu, kuma wannan shi ne sirrin, ka bi kwanciyar gashi. Ka shafa da yatsa ka ji inda ya nufa, ka bi shi can. Gashinmu na baƙar fata a murɗe yake fitowa. In aka yanke shi ƙasa da fata, sai ya lanƙwashe ya soki naman ya koma ciki, shi ne ƙurajen askin nan da ke cika mana wuya. Masu baki uku da biyar ɗin nan an yi su ne don na gaba ya ɗago gashi na baya ya yanke, sai gashin ya koma ƙarƙashin fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne, ga da yawa daga cikinmu kuwa ƙuraje ne. Baki ɗaya mai kaifi, ja ɗaya ko biyu, ya fi mana sauƙi. Wanda kuma ƙeyarsa ta riga ta yi manyan ƙuraje masu tauri, ya daina kankare wurin gaba ɗaya ya ga likitan fata.

Na biyar, in ka gama ka wanke da ruwan sanyi, ka goga alif, wanda wasu ke ce wa alam, irin wanda ake sa wa ruwa ya kwanta. Zai ɗan yi zafi, yana tsayar da ƙananan jini. Ka ɗauraye, ka shafa man kaɗanya kaɗan. Shi ke nan. Reza ɗaya za ta yi maka aski uku zuwa biyar, kai kaɗai. Da ka ji ta fara jan gashi, canza ta.

Masu gemu, na san kuna cewa wannan bai shafe mu ba. Ni ma ina da nawa, ban ce kowa ya taɓa gemunsa ba. Amma akwai kai, ga masu son ƙwal kwabo lokacin zafi. Akwai wuya da ƙeya. Akwai kuma tsaftar hammata da mara, wadda addini ya ce kada ta wuce kwana arba'in. 'Yan'uwa mata ma wannan ya shafe ku. Kuma a nan ne ma aka fi yin aron da ba a faɗa. Reza ɗaya a saman katangar banɗaki, gida guda kowa na ɗauka. Ka san gidanku, na san namu.

Sai zubar da ita. Don Allah kada a jefa tsohuwar reza a shara tsirara. Yaranmu suna wasa a bola, almajirai da 'yan jari-bola suna tona ta da hannu. Ka samu gwangwanin madara, ka tsaga masa baki, ka riƙa jefawa ciki. Zai shekara bai cika ba. In ya cika ka bubbuge bakin ka rufe.

To wannan na gida ke nan. Amma ni ba na so maganar ta tsaya a kowa ya shige ɗaki ya aske kansa. Wanzamai fa? A nan ne na yi kuskuren da nake so in ba ku labari.

Muna da wanzamin gida, kamar yadda kowane tsohon gida a Daura yake da shi. Ubansa ne wanzamin kakana, shi kuma na babana. In an yi haihuwa ba a aika masa, da kansa yake ji. In an yanka ragon suna da kasonsa. In kaka ta yi ana kai masa damin gero. Dattijo ne yanzu, amma hannunsa bai rawa. Ina cikin zafin abin da ya sami ɗan'uwana, na same shi a gindin bishiyar da yake zama ranar kasuwa, mutane na jiran layi. Na gaishe shi sama-sama, na fara zuba bayani. Ƙwayar cuta, kwana bakwai, kashi takwas cikin ɗari. A gaban mutanensa.

Ya bar ni na gama. Ya goge askarsa a fatar da yake wasa ta, ya ce, "Yaro, ka gama?" Na ce na gama, Baba. Ya ɗaga askar ya ce, "Wannan ita ta yi maka askin suna. Ita ta yi wa ubanka. Ga ka nan ka yi digiri, ba ta hana ka ba. Yau kuma ita ce cuta?" Mutane suka yi dariya. Na tashi na tafi, kunya kamar in nutse.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Babana bai yi faɗa da yawa ba. Ya ce, "Maganarka gaskiya ce, amma ka je ka kwance wa dattijo zani a kasuwa. Ka taɓa tambayarsa nawa yake samu a rana?"

Ban taɓa ba. Bayan kwana uku na sayi goro na same shi a gida bayan la'asar. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Sai ya buɗe zabirarsa ya baje mini kayan a kan buzu: asake manya da ƙanana, 'yar tsaga, ƙahoni, almakashi, dutsen wasi. Kowanne da tarihinsa, wata askar ma maƙerin da ya yi ta ya daɗe da rasuwa. Ya ce, "Ɗana, ka san abin da ya ba ni haushi? Da mu ne asibitin garin nan. Yanzu kaciya ta koma asibiti, tsaga an daina, samari sun koma wurin masu kilifa. Ɗan abin da ya rage mana, aski da ƙaho da suna, shi ma kun zo ku ce cuta ne. To mu ci me?"

Jama'a, wannan tambaya ce ta gaske. Mu 'yan gwagwarmaya mun iya cewa a daina, ba mu iya cewa ga abin da za a yi ba.

Na fito da abin da na zo da shi. Wata aska ce mai naɗewa, siffarta kamar tasa, amma ba ta da baki. Reza ake karyawa biyu tun tana cikin takardarta, a zura rabi a ciki. Masu shagon aski suna amfani da irinta wajen gyaran gaban goshi. Ya juya ta, ya auna a hannu, ya ce ba ta da nauyi, abin wasan yara ce. Na ce, "Baba, ka je Makka?" Ya ce ya je. Na ce, "A Mina, da aka zo aski, da wace aska aka yi maka?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Sabuwa ya ɓare a gabana." Domin hukumomin Saudiyya sun daɗe suna wajabta wa masu askin alhazai reza ɗaya kai ɗaya. Na ce, "Unguwarzoma fa, da me take yanke cibi yanzu?" Ya ce da sabuwar reza, kowa ya sani. Na ce, "To ita sana'arta ta mutu?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ɗan boko ne."

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya watsar da asakensa ba. Har yau yana cewa babu rezar da ta kai askarsa daɗin hannu, kuma wataƙila gaskiyarsa ne. Tsofaffin abokan cinikinsa wasu sun ce su ba su yarda a taɓa su da reza ba. Amma ga abin da muka daidaita. Askin jariri, sabuwar reza, a ɓare a gaban uban yaro. Duk wanda ya zo da rezarsa, da ita za a yi masa. Kuɗin reza a kan mai aski ba ya hawa, mai kai ne zai biya. Asake da 'yar tsaga kuma, in sun taɓa mutum, a wanke da sabulu a tafasa minti ashirin daga lokacin da ruwa ya fara tafasa, kafin su taɓa wani. Wannan na nufin sai ya riƙe da yawa yana juyawa, sai muka haɗa kuɗi mu 'yan gidan muka ƙaro masa.

Da na ce masa shi ma ya kamata a gwada jininsa, domin shi ne ya fi kowa taɓa jinin mutane shekara hamsin, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a! Ba ka ji an ce wanzami ba ya son jarfa ba?" Har yau bai je ba. Amma ɗansa da ke gadonsa ya je, an gwada shi ba shi da shi, ya kuma karɓi allurarsa uku. Kuma shi ɗan ya ce mini wani abu da ban yi tsammani ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin aski a shago ya tashi saboda janareto, samari sun fara dawowa gindin bishiya. Askin ruwa ba ruwansa da wutar nefa. Ya ce waɗanda ke dawowa kuma, abin da suke fara tambaya shi ne, akwai sabuwar reza? Kun ga ashe tsaftar ba kashe sana'ar take ba, kasuwa take jawo mata.

Masu kilifa, kada ku ce kun tsira. Kilifa ma tana yanka, musamman wadda aka wasa don gyaran gaban goshi da ƙeya. Wannan ɗan wutar da ake kunna mata na daƙiƙa biyu, ko fesa sifirit a goge nan take, bai isa a dogara da shi ba. Ban da ciwon hanta, akwai ƙora da sauran cututtukan fata. Wanda ke da hali ya sayi kilifarsa ya riƙa zuwa da ita. Gyaran baki kuma, sabuwar reza a gabanka. In ba a ɓare a gabanka ba, ka ce a ɓare. Ba rashin kunya ba ne. Kuɗinta bai kai datar da ka ƙona kana karanta wannan rubutu ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A masarautunmu wanzamai suna da shugabanci, akwai sarautar Sarkin Aska, kuma maganarsa tana da nauyi a wurinsu fiye da ta kowane ɗan digiri. Mun ga abin da sarakuna suka yi a yaƙi da shan-inna. Da hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga, gidajen da ke rufe ƙofa suka buɗe, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu. Ga mu a bakin iyaka, mutane na shige da fice ta Kongolam kullum, wanzamin da ya yi aski a nan yau gobe yana wata kasuwa a Nijar. Ina roƙo, cikin ladabi, ga Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar da majalisarsa, da shugabannin wanzamai, da jami'an lafiya na ƙananan hukumominmu, a zaunar da wanzamai da masu shagon aski da masu yankan farce, a yi musu gwaji da rigakafi, a koya musu tafasa kaya. A yi da su, kada a yi a kansu. Ranar 28 ga Yuli ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya, ga lokaci nan ya samu. Lokacin Sallar Gani ma, da gari ke cika, dama ce.

Mu kuma matasa ga namu. Ka je a gwada ka, gwajin ɗigon jini ne a yatsa, ba ya ɗaukar lokaci. In ba ka da shi, ka karɓi allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida da ta farko. In kana da shi, ba ƙarshen duniya ba ne. Akwai magungunan da ke danne ƙwayar su kare hanta, kuma ba kowa ne ma ke buƙatar fara sha nan take ba, likita ne zai duba ya faɗa. Ka guji jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da lasifika wai suna wanke hanta. In matarka ta haihu, a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24, kafin ma a zo maganar askin suna. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma cutar zama take a jikinsa har girma, shi ya sa wannan awa 24 ɗin take da tsada.

Kuma don Allah kada a ƙyamaci masu shi. Nau'in B ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya, ko musabaha, ko zama tabarma ɗaya. Ɗan'uwana da na ba ku labari, da izininsa na faɗa. Yana nan lafiya, duk wata shida yana zuwa a duba shi, jiya ma tare muka ci tuwo. Abin da ya canza kawai, rezarsa da abin yankan farcensa da buroshinsa nasa ne shi kaɗai. Yaron nan da aka haifa a daren kuwa, da aka zo askin sunansa, dattijon nan ne ya yi masa, lokacin ba mu kai ga daidaitawa ba, amma uban ya tsaya kai da fata sai da aka tafasa askar. Ƙanwarsa da aka haifa bana, da sabuwar reza aka yi mata, kuma Baba da kansa ya ɗaga takardar sama ya ce, "Ku shaida, ga ta ina ɓarewa."

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan karon ka haɗa da sabulu da sabuwar reza.

Wanda gidansu ke da irin gidan rezar nan a tsohuwar akwati, ya ɗauko ya tafasa ya gwada, ya faɗa mana yadda ta kaya, ko da yanka huɗu ne irin nawa. 'Ya'yan wanzamai da ke bibiyar mu, ina so in ji ta bakinku musamman, in akwai inda na yi kuskure ku gyara mini. A tura wa abokin da kuka san yana aron reza.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a sana'ar iyayenmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.